Cittar Malama Rahila

Ina sakandare a Manchok, wata rana Malama Rahila mai koya mana bayoloji ta zana ƙwayar halitta a allo tana rabuwa biyu. Ta ce haka sabuwar fata take rufe ciwo.

Da aka tashi na ƙi fita. Na ce, "Malama, to me ya hana hannun Babana warkewa? Tun damina ɓarin jikinsa ya shanye."

Ba ta ce in yi haƙuri ba, kamar yadda kowa yake ce mini a coci. Ta ce, "Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa rabuwa kamar na fata. Amma waɗanda suka rage suna iya koyon aikin, in an dame su kullum."

Ta ciro ɗanyar citta daga jakar cefanenta ta danƙa mini. "Ki sa masa a tafin hannu ya matse. Ko ya yi fushi, kar ki bari."

Na riƙe ta gam har gida, hannuna sai ƙamshin citta.

Baba kuwa ya yi fushi. Yanzu majinyatana ma a asibitin da nake aiki suna yi. Sai in buɗe musu tafin hannu, in ce a sake matsewa.