Jar Fitila a Bencin Baya

Tun da aka kafa dokar malamai biyu, kowane aji yana da malamin littafi da malamin hannu. Ni kafinta ne, a aji huɗu na bar makaranta. Malama Turai takan koyar da lissafi a allo, ni kuma in nuna wa yara shi a jikin katako.

Yau ƙafata na ciwo, sai na zauna a bencin baya. Na manta kowane wurin zama yana da fitilar da ke yin ja idan mai zaman bai gane ba. Malama na cikin bayanin uku bisa takwas, tawa ta kama. Na kifa mata hula, amma hasken ya ɓullo ta saƙar.

Yara suka fara ƙus-ƙus. Malama ta ce, "Ku rabu da Malam Tanimu, fitilar ce ta lalace."

Wata yarinya, Ladidi, wadda tata ma ta yi ja, ta yi ajiyar zuciya. "To Malama, ni ma tawa lalacewa ta yi. Mu ci gaba."

Na ɗauke hular a hankali, kaina a ƙasa. Na ce, "Ba ta lalace ba, Ladidi. Malama, don Allah a sake mana daga farko."