Lambar Baba a Rumbun Gwaji

"Rumbun bayanan da na kafa a kwamfutata, ko iska ba ta fita daga cikinsa," in ji Injiniya. Manhajar kantin magani yake haɗawa. Don gwaji, ya zuba lambobin wayar dangin matarsa, ya laƙaba wa kowa cuta.

"Ka cire lambar Baba," in ji matarsa.

"Ba zan cire ba. Ke kika karanta ko ni?"

Ya danna maɓallin gwajin tura saƙo. Nan take surukinsa ya kira. Saƙo ya same shi cewa maganin basir ɗinsa ya iso.

Injiniya na shirin ba da haƙuri, tsohon ya rage murya: "Wa ya faɗa maka?"

Mama kaɗai ta san wannan sirrin. Har yau Baba ba ya cin girkinta, ita kuwa ba ta san laifinta ba.