Sunan Baba a Jarida

Ina aji huɗu Baba ya dawo garinmu Tafoki da jarida a aljihu, ta jiƙe da gumi. Sunayen waɗanda aka ɗauka makarantar hafsoshin soja ne a ciki. Yayana Sanusi ya nema sau biyu bai samu ba, shekarunsa kuma sun kusa wucewa. Ranar Sanusi yana gona, ni kaɗai ce mai boko da ta rage a gida.

"Duba mani, ɗiyata."

Na bi jerin 'yan Katsina da yatsa. "Sanusi..." Sai na yi shiru, don sunan Baba ne a gaba.

Ya gyara zama. "Ƙarasa, da ƙarfi. Yau na yarda ki faɗi sunana."

Har yau ban karanta abin da ya kai wannan daɗi ba.