Mutumin Cikin Kaset

Karo na shida ke nan Malam yana mayar da kaset ɗin baya, amma tambaya ta huɗu ta ƙi ba shi haɗin kai. Fensirin hannunsa ma ya jiƙe da gumi.

Ranar Litinin ce jarrabawar. Sabon shugaban da aka kawo musu a wurin aiki bai yi wani kwana-kwana ba: duk wanda ya faɗi gwajin sauraron Turanci, ya tattara nasa ya nasa. Malam kuwa saura wata bakwai ya yi ritaya. In aka sallame shi yanzu, fansho ya bi ruwa, ga iyali, ga tsufa ya riga ya shigo ba sallama. Tsoro yake ji ba kaɗan ba.

Darasin ma kamar da gayya aka zaɓo shi, domin a kan tanadin ritaya yake. Mutumin cikin kaset ɗin ya gyara murya, ya shiga zuba Turanci kamar an buɗe famfo. Wai ma'aikaci ya fara ware wani abu daga albashinsa tun yana da jini a jika. Wai tsadar kaya tana cin ajiya a ɓoye kamar gara. Wai wanda ya yi jinkirin shekara goma ba zai taɓa kamo wanda ya fara da wuri ba.

Malam ya tsani mutumin nan. Daga jin muryarsa ka san bai taɓa kwana da fargabar kora ba. Wani sa'in leɓen Malam kan riga shi furta kalma, abinka da abin da aka ji sau da yawa, amma da ya kai fensir kan takarda sai ma'anar ta sulale. Takardar tambayoyin ita ma ta sha jiki, ta yi ja, gefenta duk ya yage. Malam ya gyara murya, ya sake danna maɓallin rediyo.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta shigo da kofin shayi da ƙwayoyi biyu a faranti. Ya ga ta yi masa girma a ido. Yaran yanzu, kafin ka juya sun zama manya.

"Baba, ka sha maganinka."

"Ina takalmina na zuwa aiki? Na duba ko'ina ban gani ba."

"Na kai gyara," ta ce, ba ta ko tsaya tunani ba.

"Ki karɓo kafin Litinin. In na faɗi jarrabawar nan mun shiga uku, ni da ke da uwarki."

Auta ta sunkuyar da kai, ta shiga goge teburin da babu ko ƙura a kansa.

Ya sake saurara. Wannan karon har jimlar farko ta gagare shi. Kalmomin suna shiga kunnensa sarai, amma sai su tarar kamar babu kowa a gidan. Ya ga kansa tsaye a ofishin shugaba, ana miƙo masa takardar sallama a ambulan, abokan aiki suna kau da kai.

Mutumin ya karanta tambaya ta goma, ya yi shiru. Auta ta taso da sauri za ta kashe rediyon, Malam ya damƙe hannunta.

"Bari ya ƙare. Wataƙila amsoshin suna can ƙarshe."

"Baba, don Allah ka bari. Babu komai a ƙarshen."

Bai sake ta ba. Kaset ya ci gaba da juyawa. Aka ji ƙarar ƙofa a cikinsa, sai wata 'yar siririyar murya ta yarinya, da Hausa: "Baba, Mama ta ce abinci zai huce." Mutumin ya yi dariya, shi ma ya juya harshe: "Auta, ba na ce kar a shigo in ina ɗaukar darasi ba?"

Malam ya dubi rediyon, ya dubi 'yarsa.

"Wane ne wannan? Ina ya san ki?"

Auta ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannayensa biyu, hawaye na zuba.

"Muryarka ce, Baba. Kai ka yi wa ɗalibanka kaset ɗin, kuma yau shekara goma sha ɗaya ke nan da ka yi ritaya."