Motar Mamuda Ba Ta Jira Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayansa Mamuda, amma kullum bayan la'asar Tanimu yana tseren mota da shi a kwamfuta, domin wasannin yanzu suna riƙe muryar mamaci da salon wasansa. Kwatsam kamfanin wasan ya sanar cewa daga Juma'a ba zai ƙara buɗe wa tsofaffin na'urori ba.

Tanimu ya rungumi tsohuwar kwamfutarsa zuwa shagon Lantana mai gyara don a saka mata sabuwar ƙwaƙwalwa.

"Tsakani da Allah, Hajiya, sabuwar ƙwaƙwalwar nan tana da amfani?"

"Gudu kam za ka gani," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Tsohuwar kuwa kamfani ke karɓewa, ba a dawo da ita."

Ya ce ta canza.

Da ya kunna a gida, hoton ya fito tar, har tsakuwar titi ana gani. Motar Mamuda ta wuce shi fuu, ba ta tsaya jiransa a kwanar gada ba kamar yadda ta saba.

"Yaya, ni ne fa, Tanimu."

"Ka zo na biyu," in ji muryar Mamuda, babu dariya babu tsokana. "Za ka sake gwadawa, ɗan wasa?"

Tanimu ya daɗe yana kallon allon; muryar tana nan, amma sanin da ta yi masa ya tafi da tsohuwar ƙwaƙwalwar. Sannan ya danna eh.