Taurari a Ƙasusuwan Sagiru

To, zamani ya zo da ba a yaye yaro sai an gitta shi gaban lu'ulu'un asibiti, mai haska duk ƙarfen da ya ɓuya a jiki. Iya Tabawa ta goyo jikanta Sagiru, wanda har yau bai ce uffan ba.

"Angon nawa miskili ne kawai," ta gaya wa likita tana dariya.

Hoto ya fito, ƙasusuwan yaro na ƙyalli kamar taurari.

"Gubar dalma ce, Iya," in ji likita, "ita ta riƙe masa harshe. Me ake sa masa kullum?"

Ta dubi idanunsa da take rangaɗa wa kwalli tun ranar suna.

"Zai yi magana, ɗan nan?"

Likita ya sunkuyar da kai. Iya ta lashi bakin mayafinta, ta shiga goge idanun, Sagiru na dariya, ya ɗauka wasa ne.