Injin da Ke Bayan Buhunan Gero

Tunda ka ce wannan aiki kai kaɗai za ka yi, ba ka son kowa ya ji, zauna ka ji abin da ya sami wani kafinta. Mutumin kirki ne, hannunsa da kyau. Shekara ashirin yana kankare katako da hannu a ɗan shagon da ya yanka a jikin zauren gidansa, shagon da in ya miƙa hannuwa sai ya kusa taɓa bango da bango. Da Allah ya hore masa, ya sayo injin kankare katako, irin wanda ake tura katako mai kaushi ta baki ɗaya ya fito ta ɗayan sumul, kaurinsa ɗaya daga kai har gindi. Wanda ya sayar masa ya ce ya ƙera masa teburi mai ƙarfi, ya ɗaure shi da noti huɗu, ya bar shi wuri guda, don nauyinsa ya kusa na buhun siminti. To amma shagon titi yake kallo, kuma akwai wasu kafintoci uku a layin. Ya san halin unguwa: abin da ido ya gani, baki sai ya roƙa. Gobe wannan ya zo da katako biyu, jibi wancan ya zo da goma, maƙwabci kuma ba a ce masa a'a, ga wuƙar injin tana dakushewa a banza. Sai ya ƙi ƙera teburin. Ya kai injin ɗakin ajiya can ƙuryar gida, bayan buhunan gero, ya lulluɓe shi da tsohon bargo.

In an kawo wuta sai ya rufe ƙofar shago, ya ruga ciki, ya rungumo injin a ƙirji, ya ratsa tsakar gida, ya hau matakala biyu, ya dire shi a kan benci. Da yake ba a ɗaure yake ba, injin yana rawa yana ja da baya, sai ya tokare shi da cinya yana tura katako. In an ɗauke wuta ya sake rungumarsa ya mayar, wata rana har sau uku. Abin dariya kuma abin tausayi, injin nan in ya fara kuka har masallacin layi ana ji, ga ɓawon katako iska na fitar da shi ta ƙarƙashin ƙofa. Kowa ya sani, shi kaɗai ne bai san an sani ba. Maƙwabta da suka ga ɓoyewa yake, sai suka yi masa kara, in an haɗu gaisuwa kawai. Matarsa ta yi magana sau ɗaya: "Malam, ƙugun nan fa guda ɗaya Allah ya ba ka. Ka kira wani ya riƙa kama maka mana." Ya ce wanda ya kama maka yau, gobe da katakonsa zai dawo.

Ciwon ƙugu ya fara kamar wasa, ɗan tsami da safe, ruku'u da ƙyar, ya shafa man zafi ya ci gaba. Wata Laraba da hantsi, bayan an yi yayyafi, aka kawo wutar da ta kwana uku ba a gan ta ba, ga ƙofofin mutane na jiransa. Ya rungumo injin da sauri, ƙafarsa ta zame a matakala ta biyu. Da ya saki da ya tsira. Bai saki ba, ya murɗa jikinsa don ya kare ƙarfen, ya faɗi da gadon baya a kan gefen matakala, injin a kan ƙirjinsa. Injin ko ƙwarzane bai yi ba. Shi kuwa ya nemi ƙafafunsa su motsa, suka ƙi.

Kafintocin nan uku ne suka fara shigowa da suka ji kukan matarsa. Biyu suka ɗaga injin kamar ba komai, suka ajiye shi gefe. Suka kwantar da mutumin a kan wata ƙofa da bai gama ba, suka kai shi asibiti. Bayan wata biyu aka dawo da shi yana jan ƙafa da sanduna, likita ya ce ko bokitin ruwa kada ya ƙara ɗauka. Ran da babban kafintocin ya zo dubiya, ya zauna ya ce, "Tun watan da muka fara jin ƙarar injin nan muka sa mai walda ya yi masa teburin ƙarfe mai taya, in an gama aiki a tura shi lungu. Jira muke ka ce mana ka saya, mu kawo maka mu yi barka. Yana nan bayan shagona, har ya fara tsatsa." Kafintan ya juya fuskarsa ga bango. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne shi fiye da yadda ƙarfen ya danne shi, ya yi kuka irin na babba, ba sauti.

Yanzu injin yana ɗaure a kan wannan teburi. Su ukun ke karɓa-karɓa suna ƙarasa ayyukansa don kada tukunyar gidansa ta kife, shi kuma yana zaune a kan tabarma a zaure yana jin ƙarar, hannuwansa a kan cinya. Ba zai sake tura katako ba har ya koma ga Allah. Shi ya sa Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.